Na Shiga Sen Jon, Na Fito Rimi

Takardar shaidar gama sakandare da ke ƙasan akwatina, sunan Kwalejin Rimi ke kanta. Rasidin kuɗin makaranta na farko da Baba ya biya mini kuwa, wanda na tsinta a 'yar durowar keken ɗinkinsa bayan ya rasu, St. John's College aka buga a samansa. Ba canjin makaranta aka yi mini ba. Na shiga a farkon 1970, na fita a 1974, ƙofar da na bi na shiga ita na bi na fita. Allon da ke bakin ƙofar ne aka sauke aka kafa wani ina aji uku. Mu dai Sen Jon muke ce mata, kuma har yau in muka haɗu, mu tsofaffin da suka rage, can bakinmu yake fara zuwa.

Jikokina kan yi dariya in na ce makarantar ƙauye na yi. Su Unguwan Rimin da suka sani ita ce ta dogayen katangu da waya mai ƙaya da masu gadi a kowace ƙofa. A zamanin da nake faɗa, da ka baro gidajen manyan ma'aikata masu inuwar mangwaro, gari ya ƙare. Sai gonakin dawa da masara, sai ciyawar da ke shanye yaro in damina ta yi nisa, sai 'yar hanyar ƙasa da matan Gwari ke bi da sassafe, kowacce da kayanta a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Kogi na can gangare. Da dare kwaɗi da gyare ne masu gari, in iska ta juyo kuma ka jiyo kukan jirgin ƙasa daga nesa. Daga gidanmu a Unguwan Shanu zuwa can ba tafiyar da za a yi wa guzuri ba ce, amma ranar da aka kai ni, Inna ta yi kuka kamar Ikko zan tafi.

Wanda ya san Kaduna ba zai yi mamakin ganin makarantar Katolika a cikinta ba. Turawan mulki sun tsare 'yan mishan daga biranen sarakuna don kada a tono musu rigima. Kaduna kuwa ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Gari ne na reluwe da bariki da ofis, wanda aka dawo da hedkwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Akawuna da masu gyaran jirgi da suka hauro daga Kudu sun zo da iyalansu da addininsu, su Fada suka biyo bayansu. Na Kaduna 'yan ƙungiyar SMA ne, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, sai dai waɗanda muka sani yawancinsu mutanen Ailan ne. A 1949 suka buɗe Sen Jon, shekarar da Kwalejin Kaduna ta gwamnati ta tattara ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yau. Ni can na so. Can kowane ɗan Arewa yake so, tunda tsatson makarantar su Sardauna da Tafawa Ɓalewa ce, kuma Gowon da ke mulki a lokacin can ya yi. Sakamako ya fito, sunana ba ya ciki.

Baba tela ne, shagonsa na kusa da babbar kasuwa, kuma cikin masu kawo masa ɗinki har da su Fada. Farar rigar nan tasu mai sauka har idon sawu, ya ɗinka ta ba adadi. Ina yaro ni ke riƙe masa bakin tef in yana awo. Akwai wani dogo a cikinsu, wanda rana ta gasa wa wuya ya yi jajir, sai ya sunkuya kafin ya shigo shagon, ya ce, “Sannu da aiki, Malam,” da wata Hausa mai fita ta hanci. Baba bai san komai game da aƙidarsu ba, bai kuma nemi sani ba. Abin da ya sani shi ne ranar da suka ce za su biya, ranar suke biya, kuma ba sa komawa neman ragi bayan an gama ciniki. A wurin tela wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Da labari ya bazu a dangi, Kawu, yayan Inna, ya zo bayan sallar Isha'i, ko zama bai gama yi ba ya ce, “Malam, ka san kuwa wace makaranta ce wannan? Can fa aka karantar da wanda ya kashe Sardauna.”

Bai yi ƙarya ba. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin gidan Firimiya ranar 15 ga Janairun 1966, ɗan Sen Jon ne. Shekara huɗu kacal ke nan da faruwar abin, yaƙin basasa kuma a cikin watan ne ya ƙare, ciwon bai ko fara ɓawo ba. Baba ya daɗe bai tanka ba, yana ta farke wani ɗinki da reza. Can ya ɗago ya ce, “Alhaji, in na ɗinka wa mutum riga, ya sa ta ya je ya yi sata, ni za a kai gaban alƙali?” Kawu ya tashi bai sha furar da aka kawo masa ba.

Kakata ita ba ruwanta da Sardauna, ruwa take tsoro. Ta ji an ce suna zuba wa yaro ruwa a ka, shi ke nan ya zama nasu. Ta kira ni ɗakinta ta sa na yi mata alkawarin ba zan bari kowa ya jiƙa mini kai ba, sannan ta farke matashin da zan tafi da shi ta cusa laya ta mai da ɗinki. A ƙarshe aka shirya a kan sharaɗi: allona zai bi ni a akwati, kuma duk hutu makarantar allo zan koma. Ba zan ce su Fada ba su so mu bi su ba. Mutum ba ya baro uwa da uba a Ailan ya zo ya sha zazzaɓin sauro don kawai ya koyar da lissafi. Amma ni dai shekarun da na yi da su ba wanda ya taɓa tare ni da maganar, kuma ba abin da ya jiƙa mini kai sai ruwan sama da kogin Kaduna.

Kayan da na shiga da su ina iya lissafa su ido rufe: akwatin ƙarfe, bokiti, kwano da cokali, garin kwaki a ƙunshe, ƙuli-ƙuli, sukari a gwangwani, da langa-langa. Wandon makaranta Baba ya ɗinka da kansa, ya bar lanƙwasa mai faɗin tafin hannu a ƙafa, yana warware ta kaɗan-kaɗan duk hutu, har wando ɗaya ya kai ni aji uku.

Langa-langa ita ta fara nuna mini ni ɗan gari ne. Siririn ƙarfe ne mai lanƙwasasshen baki, ba ƙota, kai za ka naɗe gindinsa da tsumma. Ranar leba ta farko aka yanka wa kowa yankinsa na ciyawa. Ni sara nake da ƙarfin damtse kamar mai faskare, kafin rabin sa'a tafina ya yi bororo ya fashe, ciyawa kuwa kwanciya kawai take ta sake miƙewa. Yaron da ke kusa da ni ya gama nasa tuni, yana tsaye yana kallona. Ya karɓi ƙarfen, ya warware tsummana, ya naɗe shi da robar tayar keke da ya zaro daga aljihu, ya ce, “Ba da hannu ake yi ba, da ƙugu ake yi. Saki jikinka.” Ya wurga sau uku, ciyawa ta zube kamar an aske ta. Ɗan Kagoro ne, ubansa katikis ne a wani ƙauye a gindin dutse. Tun ranar nake ce masa ɗan katikis, shi kuma yana ce mini ɗan tela, sunayenmu na yanka suka zama na rajista kawai.

Muna cikin aikin nan aka buga ƙararrawar shida. Bugu uku, a dakata, uku, a dakata, uku, sannan a jero. Nan take fili ya yi tsit. Mai gudu ya tsaya, mai ɗauke da bokiti ya dire, kowa a inda ƙarar ta riske shi, kai a sunkuye. Addu'ar da suke kira Anjelus ke nan, ana yin ta da sha biyun rana da kuma shida na yamma. Na tsaya tsuru da langa-langa a hannu, ina tuna kakata, ban san ko tsayuwar ma laifi ba ce. Daga baya na saba. Nakan tsaya shiru har su shafa, in kuma ta yamma ce, na san lokaci ya yi da zan nemi buta. Shekara uku ƙararrawar Kirista ce ke tuna mini alwalar Magariba, a wurin da kiran salla ba ya isowa sai iska ta ga dama.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa ba a aji na same shi ba. A aji Turanci ne. Amma da an kashe fitila a ɗakin kwana, ɗan Kagoro da ɗan Zonkwa da Bayarabe ɗan ma'aikacin reluwe da ɗan Idoma, har da ɗan Ibo guda da iyayensa suka dawo bayan yaƙi suka tarar da wasu a gidansu, duk Hausa ke haɗa mu. Wani dare na ji ɗan katikis yana addu'a ƙasa-ƙasa a bakin gadonsa. Na kasa kunne. Allah yake kira, Ubangiji yake cewa, yana neman gafarar zunubi, ya rufe da amin. Ni a zatona da Turanci Kirista ke magana da Allah. Da safe na tambaye shi, ya ce ubansa da Hausa yake koyar da katikizim, da Hausa suke waƙa a coci, azumi ma azumi suke ce masa. Na yi kwanaki ina juya abin a raina, kamar wanda ya ga rigar gidansu a jikin baƙo.

Azumin 1970 a Nuwamba ya faɗo, sanyi ya fara saukowa. Mu Musulmi 'yan ƙalilan ne a ɗakin, ba agogo, ba Inna da za ta tashe ni. Daren farko na makara, na ɗauki azumi da cikin da ba komai. Ɗan katikis ya gan ni da la'asar ina jan ƙafa, ya tambaya, na gaya masa. Ashe shi tun yana ƙarami ubansa ya saba masa tashin asuba don buga ƙararrawar cocin ƙauyensu, jikinsa ya zama agogo. Daren biyu na ji ana jan babban yatsan ƙafata. “Ɗan tela, tashi ka ci.” Na jiƙa garin kwaki da ruwan da ke sa haƙori tsami don sanyi, na marmasa ƙuli-ƙuli, na zuba sukari. Ya zauna a bakin gado lulluɓe da bargo wai yana taya ni hira kada barci ya mai da ni. Kafin mako ya zagayo ya zo da cokalinsa. Shi da ba ya azumi ya fi ni loma, garin da aka auna mini na wata guda ya ƙare ran sha tara. Da azuminsu na kwana arba'in ya zo, ranar Larabar farko na gan shi ya fito daga coci da baƙi a goshi, na sa bakin rigata zan goge masa. Ya kauce da sauri. Toka ce Fada ya shafa musu, ta tuna musu daga ƙasa suka fito, ƙasa za su koma. Na ce wannan ai mu ma mun san ta, ba sai da toka ba.

Karatun kansa ba wasa a ciki. Dogon Fadan nan na shagon Baba shi ya koya mana Turanci a aji biyu. In ka ba shi rubutu shafi guda, sai ya dawo maka da shi kamar an yanka kaza a kai saboda jar tawada, ko waƙafi ɗaya ba ya wuce shi. Sai ka sake, ka kai masa bayan karatun dare, ya sa tabarau ya bi layi-layi kana tsaye. Shi ne kuma da yamma za ka gani a filin ƙwallo ya tattare rigar da Baba ya ɗinka ya soke a ɗamara, usur a baki. In famfo ya lalace shi ne da sifana. In yaro ya kwana da zazzaɓi shi ne da tocila.

Na daɗe ina tunanin sirrin makarantun nan. Mutane kan ce horo ne, to horo ai akwai shi a makarantun gwamnati ma na lokacin, kuma malamai 'yan ƙasa da suka koyar da mu ba su gaza kowa ba. Ni a ganina lokaci ne. Mutumin da ba mata, ba ɗa, ba gona, ba biki ba suna, ba ƙanen da zai biya wa kuɗin makaranta, ɗakinsa kuma taku kaɗan ne daga aji, duk sa'o'insa na yara ne. Kakata da na ba ta labari ta riƙe haɓa ta ce, “Gwauro har da furfura? Allah ya kiyaye.” Ba tsarinmu ba ne, ban kuma ce mu ara ba. Amma masu cewa a mai da makarantu kamar na da, su sani wani ne ya biya wancan da rayuwarsa gaba ɗaya, kuma ba a samar da irinsa da takardar umarni daga ma'aikata.

Sau ɗaya na gwada dogon Fadan nan. Wata Asabar da rani mu huɗu muka sulale kogi, alhali an hana. Mun sha iyo, mun tsorata juna da kada, tunda kowa ya san daga kadduna garin ya samo suna. Da muka fito, takalmina ƙafa ɗaya ruwa ya tafi da shi. Ina sanɗa ta bayan ɗakin kwana, ƙafa ɗaya da takalmi, kai a jiƙe, sai ga mutum tsaye. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Na miƙa wuya ina jiran hukunci. Sai ya ce da Hausar nan tasa, “Ranar Litinin zan je wurin Malam, ina da ɗinki.” Ya juya ya tafi. Ban yi barcin kirki ba har Litinin, ban yi ba har hutu. Da na koma gida ina ta satar kallon fuskar Baba, shiru. Sai bayan shekaru, ina da aure, na ba shi labarin. Ya yi dariya har da tari, ya ce Fada ya zo ranar, aljihu ya kawo a gyara masa, bai ce komai ba.

Canjin ya taso ne daga Gabas. Ana gama yaƙi, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan a 1970, aka kuma kori Fada-fada Turawa da yawa da suka zauna a ɓangaren Biyafara. Ra'ayin cewa tarbiyyar 'ya'yan ƙasa aikin gwamnati ne, ba na baƙi ba, ya bi jihohi. A tamu, Jihar Arewa ta Tsakiya, zamanin gwamnan soja Abba Kyari, abin ya iso a 1972. Queen of Apostles ta 'yan mata da ke Kakuri ta zama Sarauniya Amina. St. Paul's ta Angilika a Wusasa ta ɗauki sunan dutsen Kufena. Mu aka ba mu sunan itacen unguwa. Waliyyai suka sauka, dutse da rimi da sarauniyar Zazzau suka hau. Zamani ne da komai ke juyawa: ranar 2 ga Afrilun 1972 motoci suka koma hannun dama, ranar 1 ga Janairun 1973 fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. Inna har ta koma ga Allah da sule take lissafi, ni kuwa ban isa in yi mata dariya ba, tunda ni ma Sen Jon ta ƙi barin bakina.

Shekarar da ta biyo, Kawu da kansa ya kawo 'ya'yansa biyu. Gini bai canza ba, ciyawar ma ita ce, suna kawai aka cire, katangar da ke zuciyarsa ta faɗi. Irin Kawu kuwa dubbai ne a Arewar da iyaye ke ɓoye yara a rumbu in an zo ɗaukar 'yan boko. Saboda wannan ba na iya cewa gwamnati ta yi kuskure kai tsaye. Ɗan katikis bai taɓa yarda da ni ba. Ya ce da kwabo-kwabon baikon talakawa irin ubansa aka taimaka aka ɗora bulo, rana ɗaya aka ce ba nasu ba ne. Legas ta mayar wa mishan makarantunsu a 2001, Anambara ma ta yi daga baya, tamu har yau Rimi ce, kuma shugabannin coci ba su daina tada maganar ba. Mun yi wannan gardama a ɗakin kwana, mun yi ta muna samari ma'aikata, mun yi ta da furfura, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya.

A Fabrairun 1982 da Fafaroma John Paul na biyu ya zo Kaduna ya naɗa sababbin Fada-fada a Dandalin Murtala, ɗan katikis ya zo da matarsa da tsohon ubansa, a gidanmu suka sauka. Inna ta bar wa matar ɗakinta. Tsohon ya kwana yana ba Baba labarin Akbishop Peter Jatau, ɗan ƙasarsu, wanda ya gaji Bature John McCarthy a 1975, Baba kuwa abin da ya dame shi shi ne wa ke ɗinka wa sabon riga. Daga baya abokina ya sami aiki a Kaduna, ya gina gida a Kawo, 'ya'yansa da nawa suka tashi suna cin tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti a kwano ɗaya.

Sai rikicin Fabrairun 2000. Ba sai na ba mutumin Kaduna labarin abin da ya faru ba. Da ƙura ta lafa, gari ya tsage a kan kogi, Musulmi suka yi ta haurowa arewa, Kirista suna gangarawa kudu. Ya sayar da gidan Kawo ga wani da ya taso daga Kakuri, shi kuma ya koma Narayi. Ni na nemo motar da ta kwashe kayan, na bi su har gada, muna tafe ba mai magana. A cikin kayan na hango akwatin ƙarfensa na Sen Jon, fenti ya goge, an ɗaure shi da igiya.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa mota, ni ma ba kullum nake tsallaka gada ba. Amma tunda wayar hannu ta zo, duk daren farko na azumi, wajen ƙarfe huɗu, sai ta yi ƙara. Bara ma ta yi. Na laluba a duhu na ɗauka.

“Ɗan tela, tashi ka ci.”

Na ce, “Ɗan katikis, ba a ga wata ba fa. Sarkin Musulmi ya ce sai gobe.”

Ya yi shiru, na ji yana tambayar jikarsa kwanan wata. Can ya dawo ya ce, “To ni kalanda ta ce yau. Koma ka kwanta, gobe na kira.”